Yadda Za A Koyar Da Manya Da Dattawa Aiki Da Kwamfuta

Tsoro ne ya fi hana dattijo sakin jiki a gaban kwamfuta, domin yana gudun kada ya danna wani abu na'urar ta lalace, ko ya yi kuskure a gaban sa'an ɗansa ya ji kunya. Saboda haka, tun a zaman farko malami ya sa mai koyo ya rubuta sunansa, ya goge shi da gangan, sannan ya danna Ctrl da Z tare, ya ga sunan ya dawo. Wanda ya gani da idonsa cewa kuskure yana gyaruwa, hannunsa zai daina rawa.

Kafin a shiga darasi, a daidaita na'urar da jikin mai koyo. Daga wajen shekara 40 ido yakan fara gazawa wajen karanta ƙananan rubutu na kusa, don haka a ƙara girman haruffa. A shafin intanet danna Ctrl da alamar + ya wadatar. A saitin Windows kuma ana iya girmama kibiyar linzami (wato mouse, na'urar da ake juyawa da hannu don nuna abu a fuskar kwamfuta), a rage saurin da ake buƙata wajen danna shi sau biyu, domin dannawa sau biyu da sauri tana wahalar da masu ciwon gaɓoɓi ƙwarai.

Sai a tambaye shi abin da ya kawo shi. Malcolm Knowles, masanin ilimin manya na Amurka, ya nuna cewa babba yana koyo ne idan ya ga amfanin abin a rayuwarsa, kuma yana zuwa aji da gogewarsa ta shekaru. Idan burin dattijuwa shi ne ta ga fuskar jikokinta ta kiran bidiyo, da wannan za a fara. Sunayen sassan kwamfuta su jira.

Abin da na fi jaddadawa shi ne kada malami ya karɓe linzami daga hannun mai koyo. Na san yana da wuya mutum ya zauna yana kallon kibiya tana yawo alhali ya san inda ya kamata ta je, amma duk lokacin da ya miƙa hannu ya yi aikin da kansa, ya gaya wa dattijon ke nan cewa ba zai iya ba. A zauna a gefensa, a nuna da yatsa, a ce, "Baba, ku matsa dama kaɗan, yawwa, ku danna nan," sannan a yi shiru a ba shi lokaci. Domin sabawar hannu kuwa, wasa mai sauƙi yana taimakawa. Wasan karta na Solitaire da ya zo da Windows 3.0 a 1990 ya koya wa mutane da dama yadda ake jan abu da linzami a ajiye.

Kada zama ɗaya ya wuce abu guda ko biyu, kuma mai koyo ya rubuta matakan a littafinsa da kalmominsa. Zama na gaba ya fara da maimaita na jiya, ko da sau biyar ne, ba tare da nuna gajiya ba.

Kafin a bar shi ya shiga intanet shi kaɗai, a nuna masa samfurin saƙon damfara, a kuma tabbatar ya fahimci cewa banki ba ya neman kalmar sirrin mutum ta saƙo ko ta waya.