Daga Ajin Manya Zuwa Babbar Makaranta: Inda Ɗalibanmu Suke Tuntuɓe

Ajin da nake koyarwa sai bayan sallar La'asar yake cika. Akwai tela, akwai mai gadi, akwai direban adaidaita sahu, sai matan aure da ke shigowa da goyo. Tun 1980 da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano irin waɗannan bayin Allah suke komawa kan benci, kuma da yawansu ba su tsaya a iya karanta wasiƙa ba, kwaleji suke hange ko jami'a. Ban cika ganin wanda ƙwaƙwalwa ta kayar ba. Abin da ke kayar da su ƙanana ne, kuma kusan duk ana iya tare su tun da wuri.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne suna. Wata ɗalibata ta yi shekara uku tana fama, ta haɗa sakamakonta, ta samu gurbi, ranar tantancewa aka dawo da ita. Takardar firamarenta da sunan mahaifinta take, katin NIN kuwa da sunan maigidanta, shekarar haihuwa ma kowace takarda da tata. Ta zo ta same ni da fayil a hannu, ta kasa magana sai hawaye. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, kuma abin da ke kan NIN shi kwamfuta za ta ɗauka. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, baje takardunka a kan tabarma: ta haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma, ta firamare, da NIN. Bi su harafi bayan harafi. A'isha da Aishatu mutum biyu ne a wurin kwamfuta, haka Muhammad da Mohammed. Gyara a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, yana cin kuɗi da lokaci, gara a fara shi wata shida kafin a buɗe rajista. Layin wayar da za ka karɓi lambar rajista da shi kuma ya zama naka na kanka, kada ka yarda mai shagon intanet ya sa nasa, kuma kada ka yar da shi.

Sai gaggawar sayen fom ɗin JAMB alhali sakamakon sakandare bai haɗu ba. Yawancin kwasa-kwasan jami'a suna neman kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Babba ba sai ya sa yunifom ba: WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, ga NABTEB ga mai sana'ar hannu, ga NBAIS ga wanda ya fito ta ɓangaren Larabci da addini. Amma ka san kwas ɗin da kake so kafin ka zaɓi darussa. Na sha ganin mai burin aikin jinya da kiredit bakwai, babu Kimistiri babu Fiziks. Makarantun nan da ake biyan kuɗi a rubuta wa mutum amsa a allo kuwa, ina roƙonku ku guje su. Ko sakamakon ya fito, zangon farko na kwaleji zai tona asiri.

Da yawa kuma ranar jarrabawa suke fara taɓa kwamfuta. Tun 2015 a kanta ake yin JAMB gaba ɗaya, yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Na taɓa tsayawa bayan wani dattijo a wurin gwaji, ya san amsar sarai, amma hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta har minti biyu suka wuce. Da na nuna masa zai iya danna A, B, C ko D kawai, ya danna N ya wuce gaba, P ya dawo baya, sai ya yi ajiyar zuciya. Awa ɗaya a mako a shagon kwamfuta na tsawon wata uku ta wadatar.

Wasu sun ɗauka ƙofar shiga babbar makaranta ɗaya ce. Magidanci mai 'ya'ya shida ba lallai ya bar kasuwa ya tare a aji tun safe ba. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, ba ta neman makin JAMB. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, tana ba da NCE da karatun ƙarshen mako. Jami'ar Bayero tana da karatun wucin gadi, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ita ke kula da IJMB, karatun share fagen da ke kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye. Abin kiyayewa ɗaya ne: tabbatar hukumar da ke kula da irin makarantar, wato NUC ga jami'a, NBTE ga kwalejin fasaha, NCCE ga kwalejin ilimi, ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin. Wanda ya bi ta JAMB kuma ya riƙa leƙa CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, don in gurbi ya fito sai ya karɓa da kansa.

Mu malamai ma muna da laifi. Don tausayi, muna fassara komai da Hausa, mu rubuta a allo su kwafa. A kwaleji malami zai shigo ya yi awa biyu yana zuba Turanci ya fice, babu mai jiran kowa. Yanzu a wata shidan ƙarshe nakan yi magana minti goma, in ce kowa ya rubuta abin da ya fahimta da kalmominsa. Makon farko ana ƙorafi, zuwa na shida sai ka ga shafi ya cika.

Batun gida kuwa a zauna a yi shi kafin a sayi fom. Ki gaya wa maigida ranakun da za ki fita da wanda zai riƙe yara, kai ma ka gaya wa uwargida cefane zai ɗan ragu. A lissafa kuɗin mota da na hotokwafi da na data, don su ne suke cinye aljihu a hankali. Ɗalibar nan tawa ta gyara sunanta, ta shiga adashi, shekarar da ta biyo baya ta koma tantancewa da takardu masu suna ɗaya.