Idan mage ta yi amai kuma ta ƙi cin abinci

Amai sau ɗaya a wurin mage ba ya tayar min da hankali. Kullum tana lasar jikinta, gashi na taruwa a ciki, wata rana ta amayo shi dunƙule guda ta koma wasanta. Haka in ta ci da gaggawa, sai abincin ya dawo kusan yadda ya shiga. Ni kwanon abinci nake kallo. In ta yi amai kuma ta juya masa baya, daga nan nake fara ƙirga awoyi.

Dalili kuwa hanta. Mage ba ta jure yunwa yadda kare ke jurewa. In ta kwana 2 zuwa 3 ba ta ci komai ba, jiki kan fara tura kitse zuwa hanta har ta cushe ta kasa aiki, kuma mai ƙiba ce ta fi shiga haɗari. Sai ka ga dasashi da farin ido da cikin kunne sun yi rawaya. Shi ya sa ban yarda da masu cewa "bar ta, yunwa za ta koro ta" ba.

Da farko ɗauke abinci na 'yan awoyi, kada ya wuce 12, ciki ya lafa. Jaririn mage kam ba a hana shi ci ko kaɗan. Ruwa ya kasance a kusa, amma ban da madara, gudawa take jawo wa yawancinsu. Bayan nan ba ta dafaffen naman kaza cokali ɗaya, babu gishiri, babu albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyun suna lalata mata jini. Ɗumama shi kaɗan. Mage da hanci take cin abinci, wadda mura ta toshe wa hanci ma sai ta ƙi ci don ba ta jin ƙamshi. In naman ya zauna bai dawo ba, ƙara mata kaɗan-kaɗan.

Sai ka gwada ruwan jikinta: ɗaga fatar bayan wuya ka saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya a tattare, ko dasashi ya bushe yana manne wa yatsa, ruwa ya yi ƙasa.

Farasitamol kuwa, don Allah ko ɓarin ƙwaya kada a ba ta. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Akwai inda ba a jira sam, sai wurin likitan dabbobi: amai na maimaituwa a yini guda, jini a ciki, ko ruwa ma ba ya zama, ko ana zargin ta ci maganin ɓera. In ka hango zare a bakinta ko a duburarta kada ka ja, yana iya yanka hanji. Muzurun da ke amai yana yunƙurin fitsari ba ya fita, mafitsararsa ce ta toshe, a ranar za a kai shi. Tsohuwar mage mai yawan shan ruwa tana ramewa, a duba ƙodarta.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, in awa 24 ta cika ba ta ci ba, sai wurin likitan dabbobi. Ɗauki hoton aman a waya, ka riƙe lokacin da ta ci na ƙarshe, da ranar da aka ba ta maganin tsutsar ciki, don zai tambaye ka.