Kurakuran da ke ɓata allon ches na katako, da yadda ake gyara su

Allon ches gidaje 64 ne, takwas a tsaye takwas a kwance, don haka duk kuskuren da aka yi a gida ɗaya sai ya ninka sau takwas. Rabin milimita ba ya ganuwa a tsiri ɗaya, amma kafin a kai ƙarshen layi ya zama milimita 4, kusurwoyi sun daina haɗuwa.

Hanyar da kafintoci suka fi bi ita ce a manne tsiri takwas, fari da baƙi bi da bi, a yanka su a gicciye, sannan a juya ɗaya a bar ɗaya, a sake mannewa. A yankan na biyu ake yawan faɗuwa. Wasu suna sake saita zarto tsakanin yankan farko da na biyu, sai gidajen su fito da tsawo fiye da faɗi. Ka saita ma'auni sau ɗaya, ka gwada a guntun da ba ka so, kada ka sake taɓa shi. Ka tuna kuma zarto yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka, don haka ka bar rara a tsawon katakon. Wajen mannewa, gam yana sa tsiri ya zame. Ka jingina gefensu da miƙaƙƙen katako, ka matse a hankali, ko ka manne biyu-biyu.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na firam, domin ba ya bayyana sai bayan watanni, lokacin da allon ya riga ya bar hannunka. Katako yana kumbura da laima, ya tsuke da bushewa, kuma motsin nan a faɗinsa yake, ba a tsawon jijiyarsa ba. Idan ka manne firam kam a gefe huɗu na allo mai kauri, ko dai kusurwar firam ta buɗe ko tsakiyar allon ta tsage. Mafita biyu ce: ka yi gidajen da siririn katako ka manne su a kan MDF, wato falankin da ake yi da garin katako da gam, wanda ba ya motsi sosai, ko ka fafe rami a cikin firam ɗin, allon ya zauna ciki ba gam. Katakon ma ka bar shi ya yi makonni a wurin aikin kafin ka sa masa zarto.

Mai injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, yana da tasa matsalar. Bakin yankan zagayayye ne, ba zai taɓa fitar da kusurwar ciki mai kaifi ba. Ko ka gyara kusurwoyin da kurfi, ko ka yi amfani da baki mai siffar V. Kada ka nutsa shi gaba ɗaya a zagaye guda, kuma tafiyar hawainiya tana ƙona katako. Shimfiɗar injin in ba a daidaita ta ba, zurfin gidajen zai bambanta.

Sai samfefa: garin baƙin katako yana shiga ƙofofin farin ya dusashe shi, don haka ka riƙa share ƙurar a kai a kai. Ka shafa man kariya sama da ƙasa, in ba haka ba allon zai lanƙwashe, kuma ka guji mai ƙyalli sosai don yana gajiyar da idon masu wasa.

Hukumar wasan ches ta duniya, FIDE, ta tsayar da faɗin gida tsakanin santimita 5 zuwa 6. Kafin ka zana haruffa da lambobi a gefe, ka tabbata farin gida ne a kusurwar hannun dama ta kowane ɗan wasa, wato h1 da a8. Idan injin ya riga ya sassaƙa su a juye, sai dai a sake firam.