Kafin ka biya kuɗin mota a Ontariyo, durƙusa ka leƙa ƙasanta

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, wani yaro da bai cika wata huɗu da sauka Toronto, a lardin Ontariyo na Kanada, ba ya ja ni wajen ajiye motoci in sa masa albarka a motar da ya saya. Baƙa wul, sai sheƙi take yi, ga kujerun fata. Na ce Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Sannan na tattare rigata na durƙusa, na zura hannu cikin kogon tayar baya, na shafo leɓen bodin ta ciki. Abin da ya biyo yatsuna ɓarɓashi ne ja, kamar an murtsuke ƙanzo. Ya ce, "Kawu, ai ƙasa ce." Na ce masa ba ƙasa ba ce, motarka ce ke zuba.

Shi ne na biyar a bana, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin masallaci.

Sauran abubuwan sauka ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Lambar SIN ta aiki da haraji, asusun banki, katin lafiya, duk layi ne da haƙuri. Lasin tuƙi ma, daga G1 zuwa G2 zuwa G, yaranmu suna cinye shi ba wata gargada, don wanda ya iya ratsa Ƙofar Ruwa da yamma ba abin da babban titin 401 da ya ratsa Toronto zai nuna masa sai gudu. Mutanenmu ba su da lalaci, wannan kam ina alfahari da shi. Inda muke faɗuwa shi ne mu zo da idon sayen mota na gida.

A Kano ko Maradi, abokan gabar mota rana ce da ƙura da ramuka. Shi ya sa muke sauraron inji, mu gwada giya, mu kunna na'urar sanyi, mu duba fenti, shi ke nan ciniki ya faɗa. Fijo 504 ta zamanin iyayenmu tana nan tana ɗaukar buhuna a hanyar ƙauye, ƙasanta garau. A nan kuwa abokin gaba gishiri ne. Daga wajen Nuwamba har zuwa Afrilu, duk sanda dusar ƙanƙara ta sauka, manyan motoci ke bin titi suna watsa shi, wani lokaci ma tun kafin ta sauka su fesa ruwansa, ka ga fararen layuka a kan kwalta. Kanada na zubar da kusan tan miliyan 5 a tituna kowace shekara. A garin Goderich, nan cikin Ontariyo, akwai mahaƙar gishiri da ta kutsa ƙarƙashin tabkin Huron, zurfinta ya haura mita 500. Abin da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da wahala, shi ake takawa da taya a nan.

Gishirin yana narkar da ƙanƙara, ya zama laka mai tsami, taya ta kwashe ta ta watsa cikin kogonta da ƙasan mota. Can take maƙalewa a lunguna, ta riƙe danshi, ta ci ƙarfe daga ciki. Kafin ka ga tsatsa a waje, ta gama aiki a ɓoye.

Ni da kuɗina na koyi wannan karatun. A shekarata ta biyu na ga tallar wata mota a intanet, farashinta ya yi mini daɗi har na ji tsoron kada wani ya riga ni. Na je da daddare, cikin sanyi, a wani filin ajiye motoci mai fitila ɗaya. Injin shiru kamar agogo. A tallar an rubuta "as is", ni kuma na ɗauka wata gaisuwa ce ta masu saye da sayarwa. Ashe ma'anarta: yadda ka gan ta haka ka saya, kada ka dawo. Na ƙirga wa mutumin dala 4,000, kuɗin da na tara ina aikin dare a sito, na ɗauki hoto na tura gida. Kafin gari ya waye har gwaggona ta kira tana guɗa.

A Ontariyo ba za a ba ka damar sa lamba a tsohuwar motar da ka saya ba sai da takardar da muke kira sefti, wadda ke nuna an duba motar ta cancanci hawa titi. Na kai ta gareji. Bakaniken ya ɗaga ta sama, ya kira ni in shigo ƙasa. Ya ɗauki sukudireba ya taɓa dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, sai ga shi ya shige kamar a burodi. Ya nuna mini bututun birki sun kumbura, suna ɓarewa. Ya sauke ta, ya ɗaga kafet ɗin direba, ga rami an liƙe da gwangwani, ina hango simintin garejin ta cikinsa. Bai yi mini dariya ba, da ma ya yi. Takarda kawai ya ɗauko ya lissafa walda da bututu da sauran su, jimlar ta wuce kuɗin motar. Ƙarshenta 'yan gwangwan suka ja ta a kan abin da bai kai kuɗin hayar sati biyu ba. Na koma jiran bas a Janairu, gemu yana daskarewa, kuma wata uku ina amsa tambayar 'yan gida, "Ya mota?" da "Lafiya lau."

To ga abin da nake so ku yi. Kada ku duba mota da dare ko a jiƙe. Ku je da tocila, da kwalin shimfiɗawa, da ɗan maganaɗisu. Ku shafa leɓen kogon taya huɗun nan, musamman na baya. In fenti ya yi ƙuraje a wurin, tsatsa ce ke turo shi daga ciki. In maganaɗisu ya kama ko'ina amma ya ƙi kama gefen taya, an cike wurin da foti an fesa fenti. Motar da ta shekara 12 amma ƙasanta baƙi ƙirin da sabon shafi, ku tambayi kanku me aka rufe. Mai sayar da motarsa da kansa wajibi ne ya ba ku takardar tarihin mota ta ServiceOntario, ofishin gwamnati mai rajistar motoci, za ta nuna waɗanda suka mallake ta da ko akwai bashi a kanta, amma ba ta san tsatsa ba. Sefti ma kwana 36 take aiki, kuma ba garanti ba ce. Ku kai motar wurin bakanikenku ya ɗaga ta kafin kuɗi ya bar hannunku. Mai motar da ya ƙi yarda da haka ya riga ya ba ku amsa.

In kun dace da mai lafiya, riƙonta ba wuya. Sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya kankama, a kai ta a fesa mata man hana tsatsa. Kamfanonin Krown da Rust Check su aka fi sani, akwai wasu. Sukan huda ƙananan ramuka a ƙofofi da gefuna, su fesa mai ya bi lunguna, su toshe da roba. Za ta yi kwana biyu ko uku tana ɗiga, saboda haka kada ka ajiye ta a ƙofar mai gidan haya mai faɗa. Wani zai ce maka baƙin mai ma ya isa, irin dabarar gida. Kada ka soma: yana lalata robobi, ga ƙazanta a titi. Baƙin shafin nan mai kauri kamar kwalta kuma, in aka yi shi a kan tsatsa, rufe ta yake yi da danshinta ta ci gaba da ci.

Wanki da sanyi, a zaɓi wanda ke watsa ruwa ta ƙasa, a ranar da sanyin ya ɗan sassauta, in ba haka ba ƙofofi su daskare ka tsaya a waje da makulli a hannu. Wankin da ya fi muhimmanci shi ne na ƙarshen Maris ko Afrilu, domin tsatsa ta fi gudu idan gari ya fara ɗumi gishiri na jiki. Ka sa tiyo cikin kogon taya ka bi leɓen da yatsa har lakar ta fita. Dalilin nan ne ma ya sa garejin ƙarƙashin bene mai ɗumi, wanda sababbin zuwa ke murna da shi, ba gata ba ne ga motar da ba a wankewa: kullum ƙanƙara ta narke, kullum ƙarfe ya sha ruwan gishiri. Ku sa tabarmar roba mai baki a ƙasan kujeru saboda abin da takalma ke shigowa da shi. Inda tsakuwa ta ɓantare fenti, a ɗiga masa fenti tun yana ɗan ɗigo. Ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa na fitar ruwa ne, a riƙa zungure su.

Masu niyyar sayen mota a nan su aika gida, ku ji tsoron Allah ku duba ƙasanta sau biyu. Dillalan gida sun daɗe da sanin halin motar da ta fito ƙasar ƙanƙara, suna kwanciya su leƙa kafin su yi tayi. Kada ka biya jirgin ruwa da kwastan a kan abin da ƙaninka zai kai wa mai walda a watan farko.

Yaron nan na Juma'a mun kai tasa an ɗaga. Shasin da sauran ƙarfi, bututun birki biyu za a canza, gefen tayar hagu kuma sai an yanke an yi walda. Ranar Asabar zan raka shi, na ce ya zo da tsohuwar riga, don shi zai kwanta a kan kwalin.