Yadda ake riƙe sitiyari: hannu biyu, da lokutan da ake iya sakin ɗaya

Direban da ya daɗe a kan hanya yakan kai matsayin da hannunsa ɗaya ne kawai ke kan sitiyari, ɗayan kuma yana kan sandar giya ko a jingine da taga, kuma yana iya shafe shekaru a haka lafiya ƙalau. Shi ya sa da wuya a gamsar da shi cewa akwai haɗari a cikin lamarin. Gaskiya ne hannu ɗaya ya isa ya tafiyar da mota a miƙaƙƙiyar hanya mai kyau muddin babu abin da ya faru. Hannu na biyu kuwa ana ajiye shi ne a kan sitiyari saboda daƙiƙa ɗaya ko biyu da ba a san ranar zuwansu ba, wato lokacin da taya za ta fashe, ko yaro ya shigo titi da gudu, ko motar da ke gaba ta taka birki ba zato ba tsammani. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka ko da rabin daƙiƙa kawai direba ya ɓata wajen dawo da hannunsa, motar ta riga ta yi tafiyar mita 14, kusan tsawon ƙananan motoci uku, kafin ya fara gyara komai.

Matsalar hannu ɗaya ba ta ƙarfi ba ce, domin motocin zamani ba su bukatar ƙarfi kafin sitiyarinsu ya juya. Matsalar ita ce rashin abin da zai tare hannun. Idan hannu ɗaya ne a saman sitiyari, nauyinsa yana rinjayar da sitiyarin zuwa gefe guda, kuma duk lokacin da mota ta faɗa rami ko iska ta buge ta, jikin direba yakan girgiza, hannun kuma ya ja sitiyarin tare da shi. Idan hannu biyu ne, kowanne a gefensa, ɗaya yana danne abin da ɗayan ya yi fiye da kima. Mutumin da ya firgita da hannu ɗaya yakan fizgi sitiyari fiye da yadda ake bukata, sannan ya sake fizgo shi baya don ya gyara, kuma sau da yawa fizga ta biyun ce ke sa mota ta ƙwace ko ta kife.

Kafin a kai ga hannu, sai an fara gyara zama, domin wanda ya kwantar da kujerarsa can baya ba zai iya riƙe sitiyari da hannu biyu ba ko da ya so. A matsar da kujera har ƙafa ta iya danna birki ko kuloci zuwa ƙarshe alhali gwiwa tana ɗan lanƙwashe. Sannan a ɗaga makarin baya, a manna kafaɗu a jikinsa, a miƙa hannu zuwa saman sitiyari: idan wuyan hannu ya sauka a kan sitiyarin ba tare da kafaɗa ta rabu da kujera ba, nisan ya yi daidai. Da haka, idan aka sauko da hannaye gefe da gefe, gwiwar hannu za ta kasance a lanƙwashe, kuma wannan lanƙwasar ce ke ba da damar juyawa da sauri. Kada kuma a matso fiye da kima. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka tana ba da shawarar a bar aƙalla inci 10, wato kimanin santimita 25, tsakanin ƙashin ƙirji da tsakiyar sitiyari, inda jakar iska, wato jakar da ke kumbura nan take ta kare direba idan an yi karo, take naɗe. A motocin da ake iya ɗaga sitiyari ko sauke shi, a daidaita shi ya fuskanci ƙirji, ba fuska ba.

Masu koyar da tuƙi suna kwatanta sitiyari da fuskar agogo. Hannun hagu yana zama a ƙarfe 9, na dama a ƙarfe 3, wato tsakiyar kowane gefe. Masu ƙera motoci ma sun yi la'akari da haka, domin a yawancin sitiyarin yau akwai ɗan lotsawa a daidai waɗannan wurare inda babban yatsa ke kwanciya, kuma sandar sigina da ta waifa suna bayan wurin, inda yatsu za su kai gare su ba tare da an saki riƙo ba. Daga wannan matsayi direba yana iya juya sitiyari kusan rabin zagaye zuwa kowane gefe hannayensa na nan inda suke, abin da ya fi ƙarfin duk wata kaucewa da za a bukata a babbar hanya.

Waɗanda suka koyi tuƙi tun da jimawa za su tuna cewa ƙarfe 10 da ƙarfe 2 aka koya musu, kuma shawarar tana da dalilinta a zamaninta. Tsofaffin motoci suna da faffaɗan sitiyari mai nauyi, wanda sai an kamo shi daga sama an jawo da ƙarfi. Na'urar da ke sauƙaƙa juya sitiyari ta fara fitowa ne a motar fasinja ta kasuwa a 1951, a jikin Chrysler Imperial, kuma ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta game ƙananan motoci. Da ta game, sitiyari ya ƙanƙance, bukatar kamo shi daga sama ta gushe. Abu na biyu da ya sauya lissafin shi ne jakar iska, wadda Amurka ta wajabta a gaban direba da fasinja a sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 1998. Jakar tana fitowa daga tsakiyar sitiyari cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Duk hannun da ya gitta ta gabanta, ko wanda ke kwance a ƙarfe 12, jakar za ta make shi ta jefa shi kan fuskar mai shi, da agogon hannu da zobe da duk abin da ke jikinsa. Hannayen da ke gefe kuwa jakar tana buɗewa ne a tsakaninsu ta ture su waje. Akwai masu koyarwa da ke saukar da hannu har ƙarfe 8 da 4 don nesanta shi da jakar da kuma hutar da kafaɗa. Wannan bai zama laifi ba a doguwar tafiya, amma a ganina yana rage faɗin juyin da mutum zai iya yi cikin gaggawa, don haka 9 da 3 ya fi dacewa ya zama mazauni na kullum.

Riƙon kansa ya zama tabbatacce, amma ba matsa ba. Wanda ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka tashi zai gaji da wuri, kuma ba zai ji abin da tayoyin gaba ke sanar da shi ba, kamar sauƙin da sitiyari kan yi farat ɗaya idan taya ta hau ruwa ko yashi. Yatsu huɗu su zagaye sitiyarin ta baya, babban yatsa ya kwanta a fuskarsa. Kada a cusa babban yatsa ciki ya maƙale, musamman a hanya marar kwalta, domin idan taya ta daki dutse ko bakin rami sitiyari yakan juya da kansa da ƙarfi, kuma sandar da ke tsakiyarsa tana iya targaɗa yatsan ko ta karya shi.

A kwanar babbar hanya, inda lanƙwasar ba ta da tsanani, babu bukatar hannu ya motsa daga wurinsa: a juya hannayen tare da sitiyarin, a dawo da su tare. Sai a kwana mai tsanani, kamar shiga wani titi daga mahaɗa ko zagaya shataletale, ake bukatar dabarar ja da turawa. Idan za a juya dama, hannun dama ya zame sama zuwa wajen ƙarfe 1, ya kama ya jawo sitiyarin ƙasa, a daidai lokacin hannun hagu ya sassauta ya zame ƙasa ta nasa gefen. Idan hannayen suka kusa haɗuwa a ƙasa, hagu ya kama ya tura sama, dama kuma ya sassauta ya koma sama don sake jawowa. Kowane hannu yana aiki a rabinsa, babu wanda ke tsallaka tsakiya, kuma babu lokacin da sitiyari ke zama ba a riƙe ba. A kwanakin farko mai koyo zai ga kamar dabarar tana ɓata lokaci, motar tana buɗe kwana fiye da yadda ya so. Maganin haka shi ne rage gudu tun kafin a shiga kwanar da kuma yin dogon ja maimakon gajeru masu yawa. Gitta hannu bisa hannu ya fi sauri, kuma babu laifi a yi amfani da shi wajen fakin ko juya mota a matsattsen wuri, inda gudun bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba.

Akwai ɗabi'u uku da ya kamata a rabu da su gaba ɗaya. Murza sitiyari da tafin hannu a buɗe yana da ban sha'awa a ido, amma ɗan gumi ko ƙaramin rami ya isa ya sa tafin ya sulluɓe. Zura hannu ta cikin sitiyari a kamo shi ta ƙasa, tafi yana kallon sama, ya fi wannan muni, domin hannun ba ya iya komawa ɗaya gefen, kuma yana kwance ne a kan jakar iska kai tsaye. Na uku shi ne sakin sitiyari bayan kwana ya warware da kansa. Tsarin ƙafafun gaba ne ke sa shi komawa tsakiya, amma ba ya sanin inda direba yake son ya tsaya, don haka a mayar da shi da hannu kamar yadda aka juya shi.

Ba wanda zai iya tuƙi hannayensa biyu na kan sitiyari daga farko har ƙarshe, kuma dokokin hanya sun san da haka. Ƙa'ida ta 160 a kundin dokokin hanya na Birtaniya cewa ta yi a tuƙa da hannu biyu a duk inda hakan zai yiwu. Canza giya, kunna fitila, daidaita iskar da ke share raɓar gilashi, duk suna ɗauke hannu ɗaya. Abin lura shi ne hannun ya je ya yi aikinsa ya dawo nan take, kuma a zaɓi lokacin: a sa giyar da ta dace kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, kuma kada a taɓa rediyo a lokacin da ake wuce wata mota. Barin hannu a kan sandar giya ba shi da amfani ko ga motar kanta, domin nauyinsa yana iya sa sassan da ke zaɓar giya su riƙa gogayya su cinye da wuri. A motar da ke canza giya da kanta ma babu wannan uzurin. Wajen yin ribas, idan direba ya juya yana duba gilashin baya, ya halatta ya riƙe saman sitiyari da hannu ɗaya, tunda a hankali ake tafiya. Masu lalura a hannu ɗaya kuma akan ɗaura musu wani ɗan maƙalli a jikin sitiyari wanda ke ba su damar juya shi cikakke, amma wannan gyara ne da ƙwararru ke yi wa motar, tare da matso da sigina da hon kusa da hannun da ke aiki.

Amfanin hannu biyu ya fi bayyana idan tayar gaba ta fashe. Motar takan ja da ƙarfi zuwa gefen da tayar ta fashe, kuma abin da ake bukata shi ne a riƙe ta a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, a ƙyale birki har sai gudun ya ragu sosai, sannan a gangara gefe. Haka nan idan tayoyin gefe ɗaya suka sauka daga kwalta zuwa ƙasa: kada a fizgo motar ta hau nan take, domin da zarar tayar ta kama bakin kwaltar za ta cilla motar zuwa hannun masu tahowa. A bar ta ta ci gaba a haka, a rage gudu, a duba madubi, sannan a hau da ɗan ƙaramin juyi a miƙe sitiyari nan da nan. A motar da ke da birkin ABS kuwa, wanda ke hana tayoyi kullewa, direba yana iya danna birki iya ƙarfinsa kuma ya kauce wa abin da ke gabansa a lokaci guda, amma birki mai ƙarfi yana tura jiki gaba, kuma mai hannu ɗaya yakan dafe sitiyarin ya karkatar da shi ba da niyya ba.

Sababbin na'urori ba su ɗauke wa direba wannan nauyi ba. Na'urar da ke hana mota zamewa tana karanta inda aka juya sitiyari ne ta ɗauka cewa can direba yake son zuwa, sai ta taka wa wasu tayoyi birki don ta kai shi. Idan an fizgi sitiyarin bisa kuskure, kuskuren za ta bi. Motocin da ke riƙe kansu a tsakiyar layi kuma suna yin gargaɗi idan suka ji babu hannu a kan sitiyari, kuma sukan saki aikin idan zanen titi ya goge.

Wanda ya saba da hannu ɗaya zai ga hannun yana sulalewa da kansa bayan 'yan mintuna, don haka ya fi sauƙi ya ɗaura gyaran a kan wani abu da yake yi kullum: duk lokacin da ya canza giya ko ya duba madubi, ya tabbatar hannayen sun koma 9 da 3. Waya ta shiga aljihu ko ma'ajiyar mota kafin a tayar da inji, abin sha kuma ya jira tsayawa. Idan kafaɗa tana ciwo bayan ɗan lokaci, a sake duba kujera, domin galibi sitiyarin ne ya yi nisa ko ya yi sama. Idan kuwa zaman daidai yake amma hannu ya fara nauyi a doguwar tafiya, to gajiya ce, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce a tsaya a huta na aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu ta tuƙi.