Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa tsohuwar firinta da netwok ɗin ofis

Ba kasafai tsufa ke kashe firinta ba. Yawanci ranar da ofis ya sauya kwamfutoci ko rauta ne ake tura takarda ta ƙi fitowa, sai a ce ta mutu, alhali injin lafiyarsa ƙalau. Haɗin ne aka yi ba daidai ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin firinta ta karɓi adireshin IP, wato lambarta a netwok, daga DHCP, tsarin da rauta ke raba adireshi da kanta, kamar kowace waya. Yau tana aiki, gobe an kashe rauta an kunna, ta sami sabon adireshi, kwamfutoci kuma suna ta nemanta a tsohon. A buga shafin bayanan saitinta, a ɗauki lambar MAC, wato lambar shaidar katin netwok ɗinta, a shiga rauta a keɓe mata adireshi guda na dindindin. Na fi son wannan a kan rubuta adireshin da hannu a jikin firintar, domin ta rubutawa da hannu ne ake samun na'urori biyu suna rigima kan lamba ɗaya. Daga nan kada a bar Windows ta zaɓi WSD, wato hanyarta ta gano firinta a netwok, da kanta. A ƙirƙiri mashigar TCP/IP, a zaɓi RAW a lamba 9100, hanyar da katunan JetDirect na HP suka yaɗa, ko LPR a 515 idan ita kaɗai firintar ta sani. In kuma kwamfuta ta nace cewa firintar ba ta kan layi alhali tana kunne, a duba akwatin SNMP, wanda da shi kwamfuta ke tambayar halin da firinta take ciki, a saitin mashigar, a cire alamar da ke ciki. Sau da yawa nan take take farfaɗowa.

Sai direba, wato manhajar da kwamfuta ke magana da firinta ta cikinta. Mutum ya ciro tsohon faifan da ya zo cikin kwali ya sa a Windows 11, wadda 64-bit kaɗai ce, direban kuwa na 32-bit ne. Ba zai shiga ba ko an kwana ana gwadawa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne wane yare firintar take ji. Idan tana jin PCL 5, PCL 6 ko PostScript, direban gama-gari na kamfaninta yakan wadatar. Idan kuwa irin masu arhar nan ce da ake kira GDI, waɗanda kwamfuta ke sarrafa musu shafi kafin ta miƙa, to a nan ne mutane ke asarar kuɗi: su sayo ɗan akwatin sabar firinta, su jona ta ta USB ko ta tsohon kebul mai faɗi na parallel, sannan a ga ba komai. Kafin a sayi akwatin, a duba jerin firintocin da yake ɗauka. Ƙaramar kwamfuta mai Linux da CUPS, manhajar sarrafa buga takardu, takan yi wannan aikin fiye da shi, muddin akwai direban firintar a can, har ta raba ta ga kowa ta IPP a lamba 631.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne sassauta tsaron ofis gaba ɗaya don a faranta wa firinta. Tsohuwar na'ura mai sikana ba ta iya ajiye fayil a folda sai da SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil ta Windows, sai wani ya je ya kunna SMB1 a sabar da ke ɗauke da takardun kamfani. Ta wannan ƙofar ce WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, ta bi a 2017, kuma Microsoft ta daina barinta a buɗe a sababbin Windows. Haka ma wanda ya mayar da Wi-Fi na ofis zuwa tsohon tsaro na WEP ko WPA saboda firintar ba ta gane WPA2 ko WPA3. Wannan tamkar cire ƙyauren gida ne don baƙo ɗaya ya ƙi sunkuyawa. Firintar da ba ta jin sabon tsaro a sa mata kebul. Sikana kuma ta riƙa zuba fayil a wata ƙaramar na'ura da aka ware mata, wadda ba ta riƙe da komai mai muhimmanci, daga can a kwashe.

Ita kanta firintar kwamfuta ce, ko da ba ta yi kama ba. Da yawa suna zuwa da Telnet da FTP, tsofaffin hanyoyin shiga na'ura ta netwok, a buɗe, shafin saitinsu kuma babu kalmar sirri, ko akwai ta kamfani da kowa zai iya samu a intanet. A sa sabuwa, a kashe duk hidimar da ba a amfani da ita, a ajiye firintar a VLAN nata, wato keɓaɓɓen ɓangare na netwok, inda sabar buga takardu kaɗai ke iya yi mata magana. Kada a taɓa buɗe mata mashiga a rauta zuwa waje don wani ya buga daga gida. VPN, wato amintacciyar hanyar shiga netwok ɗin ofis daga nesa, ke wannan aikin.

Idan an yi duk wannan amma fitilar haɗi tana ɗaukewa, ko aiki na tsayawa a rabi, a duba gudu. Wasu tsofaffin katuna 10 Mbps kawai suke yi, kuma ba sa daidaitawa da suwic na gigabit, wato akwatin haɗa kebul mai gudun 1000 Mbps, da kansu. A saita gudun da duplex (ko aikawa da karɓa za su gudana lokaci guda ko bi da bi) da hannu, iri ɗaya a ɓangarorin biyu, sannan a sake tura shafin gwaji.