Mai ciki, ki daina tsoron nono ba zai zo ba

'Yar uwa in cikin fari ne dake kina ta tunanin anya nonon nan zai ishi yaro, kwantar da hankalinki, girman mama ba shi ke kawo ruwa ba wlh, tsotso ne ke kawo shi. In kan nonon ya shige ciki ki nuna wa nas ranar awo, kar ki riƙa ja ko matsawa don yana iya tada naƙuda. Kina haihuwa ki ce a ɗora miki yaron a ƙirji cikin awa 1, ki ba shi dakashin nan mai kauri ruwan ɗorawa, dan Allah kar a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko, kuma ɗan kaɗan ɗin ya ishe shi kafin nono ya sauko kwana 2 zuwa 4.